Mastik ko Silikon: Wanne Za a Sa wa Ebiye da Lababo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ƙarasa gini a Karkada, nan Damagaram. Na sayo ebiye (kwamin wanke-wanke) na inoks, ƙarfen nan da ba ya tsatsa, don madafa da lababo (kwamin wanke hannu) biyu don makewayi. Na ga wani mai gyara a bidiyo daga Amurka yana murza wani mastik mai laushi yana sawa a bakin ramin ebiye, ya ce shi ne daidai. Mai aikina kuwa ya ce silikon ya ishi komai, har ya shafa shi a sifon, wato mahaɗar da ke ƙarƙashin ebiye inda ruwan wanke-wanke ke bi ya fita, da inda tiyo ya haɗu da robine, wato kan famfo. Ba a daɗe ba ƙarƙashin ebiye ya fara ɗiga. Wanne zan saya, kuma wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a ginin, ya sa a shiga lafiya.

A bakin ramin ebiye, mutumin bidiyo bai faɗi ƙarya ba. A gefen ebiye, inda ƙarfe ya haɗu da karo, wato tayil, mai aikinka ne ke da gaskiya. A sifon da bakin zaren robine kuwa, mastik da silikon babu wanda ke da aiki, kuma ina kyautata zaton daga nan ɗigon naka yake fitowa. Kafin a ce wanne za a saya, sai a duba wurin da za a toshe: shin noti ne ke matse abu biyu a kan juna, ko rata ce a buɗe wadda ruwa ke fantsama a kai, ko kuwa ruwa mai ƙarfi ne a cikin tiyo yana neman mafita? Kowanne da abin da ke riƙe shi.

Bari in fara da mastik ɗin, domin shi ne baƙo a wurinmu. Abin da ka gani a bidiyo haɗi ne na garin yumɓu da garin farar ƙasa da mai, wani lokaci man lin, wani lokaci man da aka samo daga fetur. A hannu yana kama da ƙullun fulawa. Ba ya manne komai da komai, kuma ba a yi shi don ya bushe ba. Aikinsa ɗaya ne: a murza shi ya zama igiya mai kaurin fensir, a zagaya shi ƙarƙashin leɓen bond, wato ƙarfen nan mai ramuka da ke zama a bakin ramin ebiye, a danna, a ɗaure noti daga ƙasa. Matsin notin ne ke baje shi ya cika duk wata ƴar rata tsakanin ƙarfe biyun. Abin da ya tsattsafo a gefe a kwashe da yatsa a mayar gwangwani. Nan take a buɗe ruwa, ba jira. Ran da bond ya lalace, a kwance noti, ya ɗago ba gardama, a goge a sa sabo. Wannan sauƙin kwancewa shi ne ya sa masu aiki a Amurka ke ƙaunarsa, kuma dalili ne mai kyau.

Iyakarsa ma a fili take. Tunda matsi ne ke riƙe shi, duk inda ba noti, ba shi da amfani. Ka shafa shi a gefen lababo, ruwa zai wanke shi, ƙura ta manne masa. Man da ke cikinsa yana shiga dutse mai shan ruwa, marbul ko giranit, ya bar da'ira mai duhu wadda ba ta fita, sai dai in an sami irin da aka rubuta a jikinsa cewa ba ya ɓata dutse. Man nan kuma yana raunana wasu robobi, musamman ABS da akirilik, waɗanda ake yin bond masu araha da tiren wanka da su. Bayan shekaru yana bushewa ya tsattsage, kuma wurin da ba ya ganin ruwa a kai a kai, a cikin zafi irin namu na watan Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, ya fi saurin kai wa ga haka. Lababon ɗakin baƙi da ake rufewa wata da watanni shi ne misali.

Ga kuma abin da bidiyon ba zai gaya maka ba. In ka shiga kankayeri, wato shagon kayan gini da na famfo, a Kasuwar Dole ka ce a ba ka mastik, da wuya a miƙo maka wannan. Abin da za a ɗauko ɗaya ne cikin uku. Ko mastik na masu gilashi, alli da man lin, wanda ke taurara a hankali har ya zama sai an sa guduma. Ko na masu gyaran jikin mota, wanda ake haɗawa da ɗan maganinsa ya daskare cikin mintoci. Ko sandar efoksi mai launi biyu da ake murzawa ta koma kamar dutse. Duka ukun taurara suke yi, wato sun saɓa wa dalilin da ya sa ake son na famfo. Wanda ya sa na mota a ƙarƙashin bond, ran da aka zuba tafasasshen ruwan taliya ƙarfe ya motsa, zai rabu da shi ya buɗe hanya. Wanda ya sa efoksi kuwa, ran canza bond sai ya lanƙwasa ebiyen. Na gaskiyar yana zuwa a ƙaramin bokitin roba mai murfi, kamar na kamfanin Oatey na Amurka ko Plumber's Mait na Ingila, kuma in ka buɗe ka danna da yatsa zai lotsa, ba ya buƙatar a haɗa shi da komai. In ka samu, ko wani ya taho maka da shi daga Kano, madalla. In ba ka samu ba, kada ka tayar da hankalinka ko kaɗan.

Dalili kuwa shi ne kayan da ake sayarwa a nan, waɗanda aka ƙera bisa tsarin Turai, ba a yi su don mastik ba. Buɗe ledar bond ɗinka ka duba: za ka ga juwan biyu, wato zoben roba mai hana ɗigo. Siririn, sau da yawa fari, yana zama a sama ƙarƙashin leɓen ƙarfe. Mai kaurin, baƙi, yana zama a ƙasa tsakanin ebiye da gindin bond. Waɗannan robobin su ne ke yin aikin da mastik ke yi a Amurka. In ebiyen inoks ne mai santsi, kuma bakin ramin bai lanƙwashe ba, juwan kaɗai ya isa, ba a ƙara komai. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda nake ganin masu aiki suna yar da siririn juwan, ko su sa mai kaurin a kife, daga baya su lulluɓe wurin da silikon don a rufe ɓarnar. Maigida ya biya kuɗin roba an yar, ya biya kuɗin silikon an ɓata, ga ɗigo na nan tafe.

Lababo na tangaran daban ne. Bakin raminsa ba ya fita sumul daga wuta, akwai ƴan tudu da kwari, kuma ba a iya matse noti da ƙarfi don kada ya tsage. A nan ne nake yarda da taimako a ƙarƙashin leɓe: mastik mai laushi in akwai kuma bond ɗin na ƙarfe ne, in babu, siririn zobe na silikon. Siriri nake nufi, kaurin ashana biyu. Sannan a kula da ramin ambaliya da ke jikin lababo. Ruwansa yana gangarowa ta cikin tangaran ya shiga tagogin da ke gefen bond, in silikon ya toshe su, ramin ya mutu.

Yanzu silikon. Shi roba ce a ruwa-ruwa, wadda ke daskarewa ta hanyar shan danshin da ke cikin iska. In ya kama, yana manne wa gilashi da tangaran da karo da ƙarfe, kuma yana miƙewa ya dawo, mai kyau yana jure motsi har kashi 20 ko 25 cikin ɗari na faɗin ratar. Wannan miƙewar ce amfaninsa. Ebiyen inoks da dakalin siminti ba sa buɗewa daidai da juna in sun ji zafi. Tiyon PVC mai tsawon mita 4 yana ƙaruwa da wajen milimita 8 in zafi ya hau da digiri 30, abin da ke faruwa tsakanin asuba da azahar ga tiyon da ke rana. Shi ya sa farin siminti da masu karo ke cusawa a gefen ebiye da bayan lababo yake tsagewa kafin shekara ta zagayo, ruwa ya dinga bi ta tsagar yana jiƙa katako da bango. Duk inda abu biyu mabambanta suka haɗu a wuri mai jiƙa, gefen ebiye, bayan lababo, kusurwar dush, inda tiyo ya huda bango, silikon ne, ba siminti ba, ba kuma mastik ba.

Sai dai silikon ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan mutane suka fi yin asara. Akwai mai tsami, wanda in ka matso shi warin binegar ke bugun hancinka. Shi ya fi yawa a kasuwa, ya fi araha, kuma a kan gilashi da tangaran da karo mai sheƙi yana aiki sosai. Amma tsamin da yake fitarwa yana cin jan ƙarfe da tagulla da galba (ƙarfen da aka yi wa rufin hana tsatsa), ba ya riƙe siminti da kyau, yana ɓata marbul, yana kuma cinye bayan madubi. Akwai marar tsami, wanda za ka ga an rubuta “neutre” ko “neutral” a jikinsa. Ya ɗan fi tsada, amma bai da faɗa da ƙarfe ko siminti. Tunda yawancin dakalan madafarmu siminti ne da karo, kuma gindin robine tagulla ce, ni marar tsamin nake ba da shawara a saya, a huta da tunani. A nemi kuma kalmar “sanitaire”, alamar an sa masa maganin fumfuna, domin wanda ba shi da shi yana yin baƙi a kusurwar dush.

A yi hankali da na ukun, akirilik, wanda ba silikon ba ne. Kartush ɗinsa, wato mazubin da ake matso shi daga ciki, ɗaya da na silikon, farinsa ɗaya, kuɗinsa ƙasa. Na masu fenti ne, don toshe tsagar bango da gefen ƙofa. Yana karɓar fenti, amma ba ya jure ruwa mai zama. Hanyar ganewa: ɗanyen akirilik yana wankuwa da ruwa daga yatsa, ɗanyen silikon ba ya wankuwa. Araha ba ta ado, kuma a makewayi ta fi ko'ina nuna hakan.

Wani abu da ya shafe mu musamman shi ne kwanan watan da ke gindin kartush. Silikon yana da wa'adi, galibi wata 12 zuwa 18, kuma masu yin sa suna so a ajiye shi a ƙasa da digiri 25. Ka tuna shagon kwano a Damagaram da rana tsaka. Wanda ya kwana biyu a irin wannan wuri, ko dai ya daskare a ciki, ko kuma, abin da ya fi muni, ya fito lafiya amma ya ƙi bushewa har abada, ya zauna yana danƙo. Saboda haka kafin a taɓa ebiye, a matsa ɗan kaɗan a kan kwali a ajiye. In bayan rabin awa bai yi fata a sama ba, in washegari bai zama roba ba, a mayar wa mai shago.

Batun bushewa ma yana buƙatar a tsaya a kai. Fatar sama tana kamawa cikin minti 10 zuwa 20, amma cikinsa yana nuna ne a hankali, milimita 2 zuwa 3 a awa 24, kuma wannan lissafin an yi shi ne a iska mai danshi rabi da rabi. Da damina, a watan Agusta, za ka sami haka. Da hunturu kuwa, lokacin da iska ta bushe ƙayau har leɓe na tsagewa, silikon ba ya samun danshin da zai sha, sai ya ja lokaci. Awa 24 da aka rubuta a jiki sai a mai da ita 48. Ajiye bokitin ruwa a ɗakin a rufe ƙofa yana taimakawa, kuma rufe ƙofar yana hana ƙura manne wa ɗanyen layi, wadda in ta manne ta zauna ke nan. Ita ƙurar ce kuma babbar abokiyar gabar mannewa tun farko. Wurin da za a shafa sai an kankare tsohon silikon tas da reza, domin sabo ba ya kama tsoho, an wanke maiƙo, an goge da alkol na farmasi, an bari ya bushe sarai. Sannan a manna sikoc, wato tef mai mannewa, na takarda a gefe biyu, a yanke bakin kartush a karkace, a ja layi ɗaya ba tsayawa, a lallashe shi da yatsa sau ɗaya, a cire sikoc nan take kafin fata ta kama. Layi mai faɗin milimita 5 ya wadatar, kuma da irin wannan kartush guda na mililita 300 yana ba da kimanin mita 12, wato ya ishi ebiyenka da lababo biyun har da saura. In mai aiki ya ce a sayo guda huɗu, tambaye shi ina za su.

Mu dawo ga ɗigon. Sifon ana haɗa shi ne da notin roba, kuma a cikin kowane noti akwai juwan mai siffar mazurari wanda siririn bakinsa ke fuskantar inda tiyo zai shiga. Na ebiye milimita 40 ne, na lababo 32. Da hannu ake ɗaure shi, ba da kile, wato sifana, ba. In yana ɗiga, ɗayan abu uku ne: juwan ya kife ko babu shi, tiyo ya shiga a karkace, ko an murɗa noti bisa kuskuren zare. Silikon da aka shafa ta waje ba ya gyara ko ɗaya. Ga shi ma sifon da yawa da robar da silikon ba ya kamawa ake yin su. Ban da haka, an yi sifon ne don a dinga kwance shi. A gidajenmu da ake wanke shinkafa da gero da tukwanen tuwo, yashi da tsaki suna taruwa a gindinsa, dole a buɗe a zubar. Wanda ya manne shi ya hana matar gida wannan sauƙin.

Gefen ruwa mai ƙarfi kuwa ba wurin gwaji ba ne. Kowane mita 10 na tsayin ruwa yana ba da matsi bar 1, kuma ruwan gari kan zo da bar 2 ko 3. Mastik mai laushi ruwa zai tura shi waje nan take. Silikon zai riƙe na ɗan lokaci ya yaudare ka, sannan ya kumbura ya saki. Kuma ka san halin ruwanmu. Gari ne da ke zaune a kan dutse, daga nesa ake turo masa ruwa, daga Gogo da Machaya da Arungguza da Ganaram, kuma a unguwanni da yawa sai dare ya raba yake isowa, da iska a gaba tana bugun tiyo. Wato haɗin da aka yi wa kwaskwarima zai saki ne lokacin da kowa ke barci. Ko bai fashe ba, ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa yana kai lita 20 zuwa 30 a yini, kusan bido guda, a garin da ake sayen ruwa wajen ƴan garuwa. A gidan ƙasa irin na Birni kuwa asarar ta wuce ta ruwa, domin danshi a gindin bango shi ke kawo gara, shi ke cin ginin daga ƙasa. Bakin zare na ƙarfe teflon ne maganinsa, farin siririn tef ɗin nan na masu famfo, a naɗa shi ta bangaren da noti ke murɗawa, ko filas, wato zaren da ake naɗawa a wurin, da man shafawarsa. Tiyon roba mai lanƙwasa da ke zuwa robine yana da juwan a cikin notinsa, shi ke toshewa, ba ya son teflon ma. Tiyon PVC kol ɗinsa, wato gam ɗinsa, ake sa masa. PPR, koren tiyon nan, da injin zafi ake narka shi a digiri 260.

Haka tankin roba na saman gida: da polietilen ake yin sa, silikon ba ya kama shi ko kaɗan, sai dai ya zauna a kai ya ɓare. Bakin fitar ruwansa haɗi ne mai juwan ciki da waje, tsagarsa kuma walda ta roba take so. Kuma kada a sa silikon “sanitaire” a duk inda ruwan sha ke zama, saboda maganin fumfunar da ke ciki.

Abin da za ka yi gobe da safe, Malam, kafin ka kashe ko dala: share ƙarƙashin ebiye ya bushe, shimfiɗa takarda. Toshe ramin, cika ebiyen da ruwa rabi, bar shi minti 15. In takarda ta jiƙe alhali ruwa na tsaye, laifin yana bakin bond. In ba ta jiƙe ba sai da ka cire toshiya ruwa ya gangara, sifon ne. In sai an buɗe robine, ko ma ba a buɗe ba amma tiyo na gumi, gefen ruwa mai ƙarfi ne. In kuma sai an jiƙa saman dakali, layin gefe ne bai kama ba. Taɓa kowane haɗi da busasshen yatsa daga sama zuwa ƙasa, domin ruwa yana bin jikin tiyo ya ɗiga nesa da inda ya fito.

Ka kira mai aikin naka, cikin mutunci, ka roƙe shi ya kwance sifon gaba ɗaya a gabanka, ya kankare silikon ɗin, ku ƙirga juwan tare. Wanda ya ɓata ko ya tsage, a ɗauki tsohon a je kankayeri a sayo daidai da shi. In sifon ɗin kansa siririyar roba ce da ke lotsawa a hannu, a canza shi duka. Bond na ebiye a mayar da shi da robobinsa biyu. Lababo biyun a ba su siririn zobe a ƙarƙashin leɓe, gefuna kuma a ja musu layin silikon marar tsami, a rufe makewayin kwana biyu. Sauran da ya rage a kartush, a bar ɗan kaɗan ya leƙo a baki ya daskare ya zama toshiya, a naɗe da leda, a ajiye a ɗaki mafi sanyi a gidan. Zai yi maka ƴan watanni, amma kada ka dogara da shi har shekara.